Baiwar Allah Ta Koma Barandar Bene A Birnin Katsina

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya san baiwar Allah, watau 'yar tsuntsuwar nan da ke sauka tsakar gida tana tsintar tsaki yayin da mata ke surfe ko bakace. Tsawonta bai wuce santimita 10 ba. Namijin ja ne, macen kuwa ruwan ƙasa ce, sai ɗan ja a gindin wutsiya. Masana suna kiranta Lagonosticta senegala, kuma tun cikin 1766 Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya sa ta cikin littafinsa.

A da, wurin sheƙa bai yi mata wuya ba. Akwai jinkar ɗaki, da dangar kara, da ramukan katangar ƙasa. Amma tun da Katsina ta zama hedkwatar jiha a 1987, gine-ginen siminti da kwano suka yi ta maye gurbin na ƙasa, benaye kuma suka ƙaru. Katangar da aka shafe da siminti ba ta da rami. Saboda haka tsuntsuwar ta koma neman duk inda ganye ya yi duhu, kuma sau da yawa wurin shi ne baranda, inda ma'aikaci ko ɗalibi ya jera tukwanen furanni, ko ya dasa lalle da na'ana'a.

Sheƙarta ƙwallo ce ta busasshiyar ciyawa, mai ƙofa a gefe, an shimfiɗe cikinta da gashin tsuntsu. Takan yi farin ƙwai 3 zuwa 6. Mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci, har kwana 11 ko 12, sa'an nan 'ya'yan su yi kamar kwana 18 kafin su tashi. Ashe ke nan abin da take nema a wurin mai gida bai wuce haƙurin wata guda da 'yan kwanaki ba.

Akwai wani abin mamaki da mai baranda zai iya gani da idonsa. Wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, wanda masana ke kira Vidua chalybeata, ba ya yin sheƙa sam. Macensa takan faki ido ta saka ƙwanta cikin na baiwar Allah. Idan an ƙyanƙyashe, zanen da ke cikin bakin ɗanta iri ɗaya ne da na 'ya'yan masu sheƙa, don haka sai a ciyar da su tare. In namiji ne, yakan girma yana rera kukan waɗanda suka rene shi. Robert Payne na Jami'ar Michigan ta Amurka ya shafe shekaru yana nazarin wannan al'amari. A nan gida kuwa, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos.

To, me ke hallaka sheƙa a baranda? Na farko kyanwa, na biyu danƙon yara, na uku kuwa hannun mai gida kansa. Idan aka ɗage tukunyar daga inda take, ko aka aske ganyen da ya rufe sheƙar, rana za ta doki ƙwai, idon hankaka kuma ya kai gare su. Yawan leƙe yakan sa iyaye su daɗe a waje har ƙwai ya lalace. Fesa maganin ƙwari a kan furen kuma guba ce ga 'ya'yan da ko gashi ba su yi ba.

Abin yi kaɗan ne. A bar tukunyar a inda take, a riƙa zuba ruwa a gindin shuka a hankali, a dakatar da feshi har 'ya'yan su tashi. A ajiye ruwa a kasko mara zurfi, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke tsananta, a riƙa sauya shi kullum don kada sauro ya hayayyafa. A watsa ɗan gero ko tsaki a gefe.

Ɗalibai kuma suna da abin yi. Wanda ya sami sheƙa a barandarsu, ya ɗauki littafi ya rubuta ranar da aka fara gini, da yawan ƙwai, da ranar da 'ya'yan suka tashi, yana kallo daga nesa. Da irin wannan rubutu masana suka tara abin da muka sani game da tsuntsuwar, kuma malamin kimiyya zai yi murna da ganinsa.