Fashaga: Kafin a ce kayan sauti sun lalace, a duba inda aka jera sifikun

Duk shekara idan aka gama yankan riɗi a yankin Fashaga da ke jihar Gadarif ta ƙasar Sudan, wato wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, kuɗi kan shiga hannun manoma da 'yan ƙwadago. A lokacin ne mai kayan lantarki, ko a kasuwar Gadarif yake ko a Gallabat da ke kallon Matama ta ƙasar Habasha, yake sa ran sayar da kayan sautin nan masu sifika shida da ake rubuta wa 5.1 a jikin kwali.

Sai dai kuma ciniki ne mai yawan dawowa. Mutum ya kai gida ko gidan kallonsa, ya jera sifikun duka a kan teburin talabijin kamar kwanukan amarya, ya kunna, ya ji babu wani bambanci da tsohuwar rediyonsa. Washegari sai ga shi a bakin shago da kwali a ka, wai an sayar masa da jabu. Mafi yawan lokuta kayan lafiyarsu ƙalau.

Ma'anar 5.1 ita ce ƙananan sifiku biyar da babba guda mai gurnani, wadda 'yan kasuwa ke kira wufa, kuma kowace da wurin zamanta. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta daɗe da fitar da ƙa'idar jera su, kuma hanya mafi sauƙi ta bayyana wa mai saye ita ce a kwatanta masa da agogon bango. Mai kallo yana zaune a tsakiyar agogo, talabijin tana ƙarfe 12. Sifikar tsakiya, wadda maganar 'yan wasa ke fitowa daga cikinta, tana nan dab da talabijin, a sama ko a ƙasa. Na gaba biyu suna ƙarfe 11 da ƙarfe 1, daidai tsayin kunnen wanda ke zaune. Na baya biyu kuwa wajen ƙarfe 4 da ƙarfe 8, a ɗan ɗaga su sama da kai.

Wufa ita ce ba ta da takura, domin kunnen ɗan Adam ba ya saurin gane inda sauti mai kauri yake fitowa. Amma idan aka cusa ta a kusurwar ɗaki gurnaninta kan yi yawa har ya danne magana. Masu aikin suna da wata dabara: a ɗora ta a kan kujerar mai kallo, a kunna, a zagaya ɗakin ana saurare, inda aka ji sautin ya fi daɗi nan ne mazauninta.

Shi kansa ɗakin yana da nasa hannu. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da sauti, magana ta riƙa cakuɗewa. Abin mamaki, bukkar ciyawa irin wadda ta cika ƙauyukan Gadarif ta fi shi daɗin sauraro, saboda ciyawa na shanye amsa-kuwwa. Mai ɗakin siminti sai ya nemi labule mai kauri, ya shimfiɗa darduma ko tabarmi.

Gidan kallo kuwa lissafinsa daban ne, tunda mutane da yawa ne a kan bencina. Na bayan nan idan aka bar su ƙasa, wanda ke kusa da su zai sha ƙara, na gaba bai ji komai ba. Gara a rataye su can sama a bango, suna fuskantar tsakiyar jama'a.

Akwai gaskiyar da ya kamata ɗan kasuwa ya faɗa tun kafin ya karɓi kuɗi. Galibin finafinan Hausa na Kano da waƙoƙin da ake turawa a memori, da hanya biyu aka naɗe sautinsu, hagu da dama. Saboda haka na baya za su iya yin shiru sai an danna maɓallin da ke rarraba sauti ga duka sifikun. A kuma nuna wa mai saye jan waya da baƙa, domin idan aka juya su a sifika ɗaya, kaurin sautin raguwa yake yi. Wayar da ke zuwa a kwali sau da yawa ba ta kai bayan ɗaki, don haka a tambaye shi tsawon ɗakinsa, a auna masa ƙarin waya tun yana shago.