Tsofaffin Jiragen Sungai Besi: Yadda Ake Bin Sawunsu Da Yadda Ake Tayar Da Komaɗarsu

Duk ɗan ƙasarmu da ya je Malesiya karatu ko fatauci daga shekarar 1998 zuwa yau, a babban filin jirgin sama na Sepang yake sauka, daga nan mota ko jirgin ƙasa ya kwashe shi zuwa cikin Kuala Lumpur. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa dab da shiga tsakiyar birnin, a gefen babbar hanyar da ta taso daga Seremban, akwai wani tsohon fili da ake kira Sungai Besi, wasu kuma su ce Simpang, wanda shi ne mafarin harkar jiragen sama a birnin. Shi ne babban filin jirgin Kuala Lumpur daga 1952 har zuwa 1965 da aka buɗe na Subang, bayan nan ya ci gaba da zama sansanin mayaƙan sama. A nan ne kuma ƙungiyar masu sha'awar tuƙa ƙananan jirage ta birnin, wadda aka kafa a 1929 kuma daga baya ta koma Royal Selangor Flying Club, ta daɗe tana da mazauni.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan fili shi ne gidan adana kayan tarihi na rundunar sojojin saman ƙasar, wanda ya shekara da shekaru a cikin sansanin. A can aka tara tsofaffin jiragen da rundunar ta yi aiki da su tun daga kafa ta a ranar 2 ga Yuni, 1958, wato wata tara kacal bayan samun 'yancin kai. Uban tafiyar shi ne wani jirgi ƙirar Twin Pioneer mai lamba FM1001, jirgin farko da rundunar ta mallaka, wanda Firayim Minista Tunku Abdul Rahman ya raɗa wa suna Lang Rajawali. Kamfanin Scottish Aviation da ke Prestwick a Sikotland ne ya ƙera shi. Injinsa biyu, jelarsa mai kai uku, yana ɗaukar mutum 16, kuma guda 87 kawai aka ƙera irinsa a duniya.

Sai dai a wurin masana, ƙanensa mai inji ɗaya, wato Pioneer mai lamba FM1016, ya fi shi tsada. Guda 59 aka ƙera, kuma akwai wani ɗan'uwansa da ya rage a hannun gidan tarihin sojojin saman Birtaniya. Wannan ɗan jirgi ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma yana iya tashi a filin da bai kai tsawon filin ƙwallo ba. Saboda haka a zamanin yaƙin sunƙuru da 'yan gurguzu, daga 1948 zuwa 1960, shi ne ke kai abinci da magani ga ƙananan sansanonin da aka sare a tsakiyar kurmi, ya kuma ɗauko waɗanda suka jikkata, a wuraren da tafiyar ƙafa kan ɗauki kwanaki.

A shekarar 2018 aka rufe sansanin Sungai Besi, sojoji suka koma Sendayan a jihar Negeri Sembilan, domin a bai wa wani katafaren aikin gine-gine mai suna Bandar Malaysia wuri, a kan fili mai faɗin eka 486. Aikin ya yi ta tashi yana faɗuwa, amma dai filin jirgi ya riga ya tafi, ya kuma zama dole gidan tarihin ya bar mazauninsa. Mai karatu zai iya cewa ai ƙaura ce kawai. To, ƙaura da jirgin da ya shekara sittin ba kamar ƙaura da kujeru ba ce. Sai an kwance fukafukai, a cire jela, a ɗora gangar jiki a kan tirela, kuma kowane ƙusa da ya yi tsatsa in ya karye babu shagon da za a je a sayo wani. A irin wannan lokaci ne jirage da dama a duniya suka rasa sassansu, ko takardunsu suka ɓace, wanda a wurin masu wannan harka ya fi ɓatan fiffike ciwo.

Fenti ba shaida ba ne

Abu na farko da mai bin sawun tsohon jirgi yake koya shi ne kada ya yarda da abin da aka rubuta a jikinsa. Fenti kowa na iya shafawa, kuma gidajen tarihi da kansu sukan yi wa jirgi kwalliya da lambar wani da ya fi shi suna. Ko a Malesiya akwai wani Twin Pioneer mai lamba FM1064 da aka girke a fili a garin Melaka, wanda duk wanda bai lura da lamba ba zai iya rantsewa shi ne na farkon. Shaidar gaskiya ita ce wani ɗan farantin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, wanda masana'anta ke kafewa a cikin gangar jirgin, ɗauke da ƙirarsa da lambar da aka ba shi ranar da aka gama haɗa shi. Lambar rajista tana canzawa duk lokacin da jirgi ya canza ƙasa, amma lambar masana'anta tana nan har ranar da za a narkar da shi.

Daga nan sai a shiga tonon takardu. A zamanin mulkin mallaka, jiragen farar hula na Malaya suna ɗauke da harufan VR-R, na Singafo VR-S, namu na Nijeriya kuwa VR-N. Bayan 'yancin kai Malesiya ta koma 9M, Nijeriya 5N, Nijar 5U, Gana 9G. Don haka jirgi guda zai iya fara rayuwa da harafin G a Ingila, ya koma VR-N a Legas ko Jos, ya zama 5N, a ƙarshe a same shi a wata gona a Ostireliya da wata lamba dabam. Akwai wata ƙungiya a Ingila mai suna Air-Britain da aka kafa a 1948, wadda aikinta ke nan, tattara irin waɗannan rajistoci tana bugawa. Sannan kowane jirgi yana da littafin da ake rubuta duk tashinsa da saukarsa da gyaran da aka yi masa, inji ma da nasa dabam. Jirgin da ya rasa waɗannan littattafai kamar gida ne da ba takarda: kowa ya san naka ne, amma hukuma ba za ta sa hannu ba.

A Malaya akwai wani babban giɓi a wannan bincike. Da yaƙin duniya na biyu ya matso, an kwashe ƙananan jiragen ƙungiyoyin tuƙi, har da na Kuala Lumpur, aka kafa rundunar 'yan sa-kai da su. Japanawa suka sauka a Kota Bharu ranar 8 ga Disamba, 1941, suka shiga Kuala Lumpur ranar 11 ga Janairu, 1942, Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu. Kusan dukkan waɗancan jirage a cikin waɗannan makonni goma suka salwanta. Abin da ya rage na akasarinsu shi ne layi ɗaya a rajista da ɗan hoto.

Laima da gam da yadi

In an samo jirgin, an tabbatar da ko wane ne, sai babban aikin. Ɗauki Tiger Moth, jirgin koyon tuƙi da kamfanin de Havilland ya fara tayarwa a 1931, aka ƙera sama da 8,000. Gangarsa bututun ƙarfe ce, fukafukansa katako ne da aka haɗa da gam, sannan aka lulluɓe shi da yadin lilin, aka ɗinke da allura da zare a kan kowane haƙarƙari, aka shafe da wani ruwan magani da ke sa yadin ya ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Wanda ya taɓa zama wurin baduku ko mai ɗinkin hula zai gane rabin aikin da ido. A yau galibi yadin roba ake sawa maimakon lilin, a bi shi da dutsen guga ya tsuke, saboda ya fi jure rana.

Babban abokin gabar irin wannan jirgi a Kuala Lumpur shi ne laima. Garin yana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, kusan ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma babu rani. Gam ɗin da aka yi amfani da shi a da daga madara ake yinsa, in ya sha laima sai ya yi funfuna ya saki, alhali daga waje fiffiken lafiya lau. Jiragen alminiyam irin su Pioneer da Chipmunk su ma ba su tsira ba, domin ruwa kan kwanta a cikin ciki da gindin fukafukai, ƙarfen ya riƙa zama farin gari daga ciki. Shi ya sa jirgin da aka bari a waje, ko da ana sabunta masa fenti duk shekara, ƙarewa yake a hankali. Rumfa mai rufi ita ce gyara na farko, kuma ita ce mafi arha.

Sannan dole mai gyara ya yanke shawara tun da wuri: jirgin kallo yake so ko na tashi? Na tashi sai an wargaza inji gaba ɗaya, an auna kowane ƙarfe, an canza duk abin da ya gaji, kuma hukumar kula da sufurin sama ta duba ta sa hannu. Aiki ne na shekaru, kuma sau da yawa kuɗin da ake kashewa ya fi abin da za a sayar da jirgin. A ƙarshe ma za ka tarar rabin jirgin sabo ne. Gidan Shuttleworth da ke Old Warden a Ingila har yanzu yana tayar da wani Blériot na 1909, kuma abin sha'awa ne ƙwarai. Amma a ganina jirgi irin FM1016, da irinsa kaɗan ne suka rage, bai kamata kowa ya yi tunanin tayar da shi ba. In ya faɗi, shi ke nan.

Mu a nan ƙasar Hausa matsalarmu akasin tasu ce. Hunturu na busar da katako ya tsage, rana na cinye yadi, gara kuma ba ta jiran izini. Amma ƙarfe yana daɗewa a busasshiyar ƙasa. A watan Afrilun 1933 wani matuƙi Bature mai suna Bill Lancaster ya faɗi da ƙaramin jirginsa ƙirar Avro Avian a cikin Sahara, bayan ya tashi daga Reggane a Aljeriya ya nufi Gao. Ya yi kwana takwas a ƙarƙashin fiffike yana rubuta abin da ke faruwa da shi kafin ƙishirwa ta kashe shi. Sai a Fabrairun 1962 sojojin Faransa suka ci karo da gawarsa da littafinsa da tarkacen jirgin. A 1975 aka kwaso tarkacen, suna gidan tarihin Queensland a Ostireliya.

Ina namu?

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku ƙirar DH.9A na sojojin saman Birtaniya suka sauka a Kano daga Helwan ta ƙasar Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, abin da ake ɗauka a matsayin farkon zuwan jirgin sama Nijeriya. Shekarar 2025 ta cika shekara 100 cif. Ko ɗaya daga cikin ukun bai rage ba. Hasali ma DH.9A ɗaya tak na asali ya rage a duniya, mai lamba F1010, kuma labarinsa darasi ne a kan bin sawu. Jamusawa suka kama shi a Oktoban 1918, aka baje kolinsa a Berlin, yaƙi na biyu ya kai shi Foland, ya ƙare a wani sito a Kraków ba fukafukai. A 1977 Turawan Ingila suka ba da jirgin Spitfire guda aka ba su shi, suka sake ƙera masa fukafukai, yanzu yana gidan tarihinsu a Landan.

Akwai kuma wata alaƙa tsakaninmu da Malesiya da ba a cika ambata ba. Kamfanin nan na Prestwick da ya ƙera Lang Rajawali shi ne ya ƙera Bulldog, ƙaramin jirgin koyon tuƙi mai kujera biyu. Malesiya ta sayi 15, Nijeriya ta sayi 37, kuma a kansu ne matuƙan sojojin samanmu da dama suka fara riƙe sitiyari a Kaduna. Wanda ya gaje shi, Air Beetle, a Kadunan aka harhaɗa shi daga sassan jirgin RV-6A na Amurka, aka yi odar 60. Ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda tun kafa ta a 1964 ta ga ƙananan jirage iri-iri sun zo sun tsufa. Waɗannan su ne Pioneer ɗinmu. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia ya adana wasu jiragen yaƙin basasa, amma jiragen koyo da na jigilar likitoci da na feshin gona ba su cika samun mai kula ba.

Idan ba a manta ba, a 2013 hukumar kula da filayen jiragen sama ta shiga aikin kawar da matattun jiragen da aka yasar a filayenmu, aka riƙa yanka su ana sayarwa a matsayin ƙarfe. Ba wanda zai ce a bar tarkace a gefen hanyar jirgi, kuma ɗan gwangwan bai yi laifi ba don ya sayi alminiyam a kan kilo, sana'arsa ke nan. Abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne: kafin a sa zarto, a ɗauki hoton farantin nan na masana'anta, a tattara littattafan tashi da sauka a kai ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, sannan a ware Bulldog guda da Air Beetle guda a sa su a ƙarƙashin rufi a Kaduna ko Zariya, tun kanikawan da suka yi aiki a kansu suna raye kuma suna iya nuna inda kowane ƙusa yake shiga.