Baƙo a Ƙofar Katidiral

Kafin baƙo ya ga Bishop ko Fada a babbar majami'ar Katolika, mutum biyu ne ke tarbarsa: matashin da ke riƙe da na'urar bincike a bakin ƙofa, da uwar nan mai ɗamara a kafaɗa da ke nuna wa jama'a benci. Labarin da zai kai gida game da cocin, daga hannunsu yake ɗaukarsa.

Binciken yana da dalili, kuma kada baƙo ya ɗauke shi cin fuska. Ranar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a cocin St. Theresa da ke Madalla a jihar Neja, ya kashe masu ibada da dama. A Satumbar 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya auka wa katidiral na St. John a Bauchi, wata guda bayan haka aka kai irinsa cocin St. Rita a Kaduna. Daga nan aka fara ajiye motoci nesa, ana buɗe jakunkuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai ana iya laluben mutum da sakin fuska. "Sannu da zuwa, Baba, a yi haƙuri, kowa muke dubawa" ba ta rage tsaro da komai, kuma tana hana dattijo jin an ware shi saboda rigarsa ko gemunsa.

Yawancin baƙin ba yawon buɗe ido ya kawo su ba. Maƙwabci ne Musulmi ya zo ɗaurin auren ɗiyar abokin aikinsa, ko 'yar cocin ECWA ta zo jana'izar ƙawarta. Ladabin da suka sani daban ne. Bahaushe ya saba tuɓe takalmi a wurin ibada ya bar hula a ka. A nan takalmi na ƙafa, hular ce maza ke cirewa. Na taɓa ganin mai tsaron ƙofa ya daka wa wani dattijo tsawa a kan hula, jama'a duk suka waiwayo. Dattijon ya cire, ya zauna shiru, amma bai jira an tashi ba. Abin ya daɗe yana damuna, domin raɗa ɗaya a kunne da ta wadatar.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne lokacin Jibi. A koyarwar Katolika, gurasar da aka tsarkake jikin Almasihu ce, don haka ɗan Katolika da ya shirya kansa ne ke karɓa. Baƙo bai san haka ba. Ya ga layi ya tashi, sai ya bi. Tare shi a gaban bagadi kunyatarwa ce babba. Wanda ya zaunar da shi tun farko ne ya kamata ya faɗa masa cewa in an tashi, shi ya yi zamansa, ba laifi. Haka durƙuso da baiko: ba dole a kan baƙo. Nasa shi ne ya kashe waya, ya daina ɗaukar hoto ana tsakiyar Misa, ya yi shiga ta mutunci.

Akwai kuma halin duba tufafi kafin a ba da wuri. Mai babbar riga a kai shi gaba, mai silifas a ce ya tsaya baya. Wasiƙar Yaƙub, sura ta 2, ta tsawata a kan wannan ɗabi'a kai tsaye. Katidiral kuwa sunansa daga kujerar Bishop ya samo asali, shi ne uwar majami'un dayosis, ƙananan coci-coci daga gare shi suke koyi. Ya kamata shugabanni su zaunar da masu hidimar tarbar baƙi su koya musu, kada a miƙa wa mutum ɗamara kawai a ce ya tsaya ƙofa.

Misalin tarbar baƙo ba tare da bambanci ba yana nan kusa. A 2014, da Boko Haram suka kama Mubi, dubban mutane suka kwararo Yola, katidiral na St. Theresa ya buɗe musu harabarsa a ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, Kirista da Musulmi. A 2021 dayosis ɗin ya buɗe gidajen da ya gina wa waɗanda suka kasa komawa garuruwansu, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci.