Wasalin da ba a rubutawa: abin da ke wahalar da masu koyon Farisanci

Masu koyon harshen Farisanci kan ji daɗinsa a watannin farko, domin nahawunsa ba ya bambanta namiji da mace, kuma kalma ɗaya ce, wato "u", take nufin shi ko ita.

Ga wanda ya yi karatun allo kuma, haruffan ba baƙi ba ne, domin na Larabci ne aka ƙara musu guda 4, suka zama 32.

Sai dai ɗaliban da suka yi nisa, ciki har da Hausawan Najeriya da Nijar da Ghana da ke karatu a birnin Ƙum na ƙasar Iran, kan tarar da cewa wahalar tana gaba, a wasu ƙananan abubuwa da ke iya juya ma'anar jimla baki ɗaya.

Ezafe

Babba daga cikinsu shi ne abin da ake kira ezafe, kalmar da ta samo asali daga "idafa" ta Larabci.

Wasali ne gajere, "e", ko kuma "ye" idan kalma ta ƙare da wasali, wanda ke haɗa suna da mai shi, ko suna da sifarsa.

Aikinsa ya yi kama ƙwarai da na harafin "n" ko "r" a Hausa. Daneshgah-e Tehran na nufin Jami'ar Tehran, khane-ye Ali kuma gidan Ali.

Ana iya jera shi sau da yawa kamar sarƙa, kamar yadda yake a cikakken sunan ƙasar, Jomhuri-ye Eslami-ye Iran.

Matsalar ita ce, idan kalma ta ƙare da baƙi, wannan wasali kisra ce kawai, kuma jaridu da littattafan manya ba su cika sanya ta ba.

Saboda haka "pedar-e Ali amad", mahaifin Ali ya zo, da "pedar, Ali amad", Baba, Ali ya zo, haruffansu ɗaya ne a takarda, in ba a sa waƙafi ba.

Dole mai karatu ya fahimci ginin jimlar tun kafin ya furta ta. Wannan ne ya sa ake saurin gane baƙo idan aka ba shi jarida ya karanta a fili.

A Tajikistan, inda ake rubuta harshen da haruffan Rashanci tun wajen shekarar 1940, ba a fama da wannan, domin ana rubuta ezafe ƙarara a ƙarshen kalma.

Kalmar "ra"

Abu na biyu shi ne "ra", wadda ake sawa bayan abin da aiki ya faɗa wa, idan sananne ne.

"Ketab kharidam" na nufin na sayi littafi, amma "ketab ra kharidam" na nufin na sayi littafin, wanda aka riga aka sani.

A tsohon adabi kuwa aikinta ya fi haka faɗi. A littattafai irin su Gulistan, wanda Sa'adi ya kammala a shekarar 1258, "ra" kan zo da ma'anar "wa" ko "ga", ta yadda "u ra goftam" ke nufin na ce masa.

Ɗalibin da ya saba da harshen jarida kaɗai kan iya fassara irin wannan jimla a karkace.

Inda Bahaushe ke da sa'a

Kowane aikatau na da tushe biyu, na lokacin da ya wuce da na yanzu, kuma sau da yawa babu wata ƙa'ida da za ta fitar da ɗaya daga ɗaya. Didan, wato gani, tushensa na farko "did" ne, na biyu "bin". Babu mafita sai hadda.

Amma a wurare biyu mai jin Hausa ya fi Bature samun sauƙi.

Bayan kalmomin so ko iyawa ko tilas, Farisanci kan sa "be" a gaban aikatau, sannan ya nuna mai yin aikin. "Mikhaham beravam" daidai yake da ina so in tafi, "mikhahi beravi" kuma kana so ka tafi.

Haka nan yawancin ayyuka ana gina su ne da suna haɗe da wani aikatau mai sauƙi, kamar yadda Hausa ke amfani da yi da ci da sha.

Kar kardan yin aiki ne. Khordan na nufin ci ko sha, amma "shekast khordan" shan kaye ne, kusan kalma da kalma, yayin da "ƙasam khordan" ke nufin yin rantsuwa.

Ba a canja wa kowane suna abokin tafiyarsa yadda aka ga dama: magana "bugawa" ake yi, harf zadan, ba a yin ta da kardan.

Harshen littafi da na titi

Bayan an ƙware a duk wannan, sai kuma a iske mutanen Tehran ba haka suke magana ba.

A bakinsu nan, wato gurasa, takan koma "nun", sunan birnin nasu ma yakan koma "Tehrun". "Ra" kan zama "ro" ko "o", kalmar "ast" kuma ta taƙaita zuwa "e".

Jimlar "mikhaham beravam" da ɗalibi ya haddace a aji, "mikham beram" zai ji ta a tashar mota.

Masu karanta labarai a rediyo da talabijin na bin harshen littafi ne, amma da zarar an miƙa wa wani mai wucewa makirufo sai a koma ɗaya harshen, abin da ke tilasta wa masu fassara sanin duka biyun.

Farisancin Afghanistan, wanda ake kira Dari, bai bi Tehran a wannan sauyi na "nan" zuwa "nun" ba, kuma ya riƙe wasu tsofaffin wasula da suka ɓace a Iran. A Kabul ana bambanta "sher", zaki, da "shir", madara, amma a Tehran duka biyun "shir" ake cewa.