Gani Ya Kori Ji, Amma Ido Ma Yana Ruɗuwa

A kowace shekara idan ruwan kogin Haɗejiya ya janye, fadamun Guri da Kirikasamma sukan cika da manoman rani da masunta da makiyaya. A wannan lokaci ne rigingimu kan ɓarnar amfanin gona suke tasowa, wani sa'in har su kai ga jikkata ko rasa rai. Irin wannan ta'asa takan auku da almuru ko da asuba, cikin hazon hunturu. Idan magana ta kai gaban alƙali, sau da yawa hujjar da ake da ita ita ce mutum guda da ya rantse cewa da idonsa ya ga wanda ake tuhuma.

Tsoron da aka saba ji shi ne na mai shaidar zur. Amma masana halayyar ɗan Adam sun nuna akwai wani haɗarin da ya fi wannan wuyar ganewa, watau mai gaskiya wanda tunaninsa ya yaudare shi. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu kamar hoto. Duk lokacin da mutum ya tuna wani al'amari, sake harhaɗa shi yake yi, yana cike giɓi da abin da ya ji daga baya.

A shekarar 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer na ƙasar Amurka sun nuna wa ɗalibai majigin karon motoci. An tambayi mutum 50 gudun motocin sa'ad da suka ragargaza juna, wasu 50 kuma sa'ad da suka bugi juna. Bayan mako guda, 16 daga rukunin farko suka ce sun ga fasasshen gilashi, daga na biyu kuwa 7, alhali babu gilashin da ya fashe. Kalma ɗaya cikin tambaya ta sauya abin da suka tuna.

Haka kuma an gano cewa firgici yana rage kiyayewa, kuma wanda aka zare wa makami hankalinsa ya fi karkata ga makamin bisa ga fuskar mai riƙe da shi. Baƙuwar fuska ma ta fi ta maƙwabci wuyar shaidawa, ga shi kuwa fadama matattarar baƙi ce. Kafin 'yan sanda su iso, mutanen gari sun riga sun tattauna, zaton wani ya zama yaƙinin kowa.

Kotuna sun daɗe da ɗanɗana kuɗar wannan kuskure. A birnin Landan an ɗaure Adolf Beck a 1896 bayan mata da dama sun nuna shi a kan shi ne ya damfare su, ba a wanke shi ba sai 1904 da aka kama ainihin mai laifin. A 1976, cikin shari'ar Turnbull, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta umarci alƙalai su duba tsawon lokacin da shaida ya ga mutum, da nisansa, da hasken wurin, da ko ya san shi tun da, da kuma ko siffar da ya fara bayarwa ta dace da wanda aka gurfanar. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bi wannan ƙa'ida. Malaman fiƙihun Malikiyya ma tun tuni suka shardanta cewa, ban da adalci, kada shaida ya kasance gafalalle.

Saboda haka wajibi ne ɗan sanda ya rubuta jawabin kowane shaida da wuri, shi kaɗai, ba tare da sa masa magana a baki ba. Idan an jera mutane domin ya nuna, a gaya masa mai yiwuwa ne mai laifin ba ya cikinsu. Alƙali kuma ya nemi wata hujjar da za ta ƙarfafa ta ido, domin idan aka ɗaure marar laifi an yi hasara biyu: an zalunci bawan Allah, mai laifin kuma yana nan yana yawo cikin fadama.