Bindigar toka: in an yi maka sallama kana cikin ɗuri

Daga Gure har Damagaram, bindigar toka ba baƙuwa ba ce. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a cikin birninsa, kuma a zamaninsa ne Muniyo, ƙasar da Gure ke zaman babban garinta, ta shiga hannun Damagaram. Yau bindigar ta rage wa maharba da masu harbin hawan salla. Ɗurinta dai bai canza ba: ta baki ake zuba albarushi, a bi shi da tsumma, a sa dalma in farauta za a yi, a danna da sanda.

Mutane sun fi tsoron lokacin harbi, alhali a wajen ɗuri ake yin ɓarna. Ka zuba albarushi ke nan, sai ga aboki da sallama, ko salula ta yi ƙara. Mu kuwa gaisuwarmu ba ta gajarta: gida, yara, gajiya, labarin damina. Kafin ka juyo ka manta ko ka zuba, sai ka ƙara. Ɗuri biyu a bakin bindigar da maƙeri ya yi da bututun ƙarfe kan tsaga ta, yatsu da ido su biya kuɗin.

Maganin mantuwar yana jikin sandar dannawa. Ka yi mata zane biyu, ɗaya inda take tsayawa in bindiga babu komai, ɗaya in an ɗura daidai. Duk wanda ya katse ka, ko sarkin baka ne, ka amsa masa, sannan ka zura sanda ka duba kafin ka taɓa albarushi. Sandar za ta kuma nuna maka ko dalma ta zauna daram a kan albarushi, don sarari tsakaninsu ma yana fasa bindiga.

Kada ka zuba kai tsaye daga gora. Ka auna a ɗan mudu, domin garwashin harbin baya kan ɓuya a ciki. Taba kuma a kashe ta tun daga nesa.

In ka ja kunama ta yi shiru, ran salla ga kalangu ga guɗa ga yara suna dariya, kunya za ta ce ka leƙa bakin bindigar. Wuta takan makara ta tashi daga baya. Ka riƙe ta yadda take, bakinta nesa da jama'a da dawaki, ka ƙirga sittin a hankali.