Wata uku a bayan shinge: yadda NBA ta ƙarasa gasarta cikin annoba

A daren Laraba, 11 ga Maris 2020, filin wasan birnin Oklahoma ya cika maƙil. 'Yan wasan Thunder da baƙinsu na Utah Jazz sun gama motsa jini, saura a cilla ƙwallo sama, sai ga wani jami'in lafiya ya sheƙo a guje ya nufi alƙalan wasa. Aka yi ƙus-ƙus, 'yan wasa suka koma ciki, can sai mai sanarwa ya ce wa jama'a kowa ya kama gabansa. Gwaji ya nuna cewa Rudy Gobert, dogon Bafaranshen nan na Jazz, yana ɗauke da cutar korona. Kwana biyu kafin nan, da zai tashi daga taron manema labarai, sai da ya bi makirufonin da ke gabansa yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, wai shi barkwanci. A daren nan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta dakatar da wasanninta, sa'o'i kaɗan bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya.

Barin gasar ta mutu a nan ba ƙaramar asara ba ce. A lokacin, yarjejeniyar nuna wasanni da NBA ta ƙulla da tashoshin ESPN da Turner ta dala biliyan 24 ce a shekara tara, kuma maiƙon cinikin yana cikin wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, waɗanda ko fara su ba a yi ba. Shugaban gasar, Adam Silver, da ƙungiyar 'yan wasa suka zauna suka fito da dabara: a kwashe ƙungiyoyi 22 daga cikin 30, a killace su wuri guda, babu shiga babu fita, har a sami zakara. Wurin da aka zaɓa shi ne katafaren dandalin shaƙatawa na Disney da ke kusa da Orlando a jihar Florida, mai otal-otal da filayen wasa a harabarsa. Ba a yi wahalar neman mai gida ba, domin kamfanin Disney ne mai ESPN. Amurkawa suka laƙaba wa sansanin suna mai ma'anar kumfa, abin da ƙaya ɗaya ta isa ta fasa shi.

Wanda ya tuna yadda ake auna zafin goshi a ƙofar banki a wancan lokaci zai iya tambayar me ya sa aka sha wannan wahala duka. Amsar tana cikin halin ƙwayar cutar. Daga ranar da ta shiga jiki zuwa ranar da alamu za su bayyana ana ɗaukar kamar kwana biyar, wani lokaci har 14, kuma mutum yana iya yaɗa ta tun kafin ya fara tari ko zazzaɓi. Wani ma har ya warke bai san ya yi ba. Ma'aunin zafi ba ya kama irin wannan mutum. Gwajin PCR, wanda ke lalubo ƙwayar halittar cutar a majina ko yawu, yana kama shi, amma shi ma labarin ranar da aka ɗauki samfur kaɗai yake bayarwa. Wanda ya kamu jiya yana iya fitowa sumul yau, jibi kuma gwaji ya nuna ta.

A kan wannan aka gina tsarin. Tun ƙarshen Yuni aka soma gwada 'yan wasa a garuruwansu, kuma a zagayen farko 16 daga cikin 302 suka fito da cutar. Da ƙungiyoyi suka soma isa Orlando a ranar 7 ga Yuli, kowa aka rufe shi a ɗakinsa har sai gwaji biyu a jere sun wanke shi. A wannan siraɗi aka tsare mutum biyu daga cikin 322, ba su kai ga cuɗanya da kowa ba. Daga nan sai gwaji kullum, sakamako kuma ba ya wuce kwana guda. Saurin nan shi ne ƙashin bayan shirin: idan ana gwada kowa kowace rana, mai cutar ba zai daɗe yana yawo cikin jama'a ba kafin a ware shi.

Kundin dokokin ya haura shafi ɗari, kuma wasu daga ciki sai mutum ya yi dariya. Ƙwallon tebur mutum biyu kawai, ba a yarda da bibbiyu ba. In an gama karta, a jefar da ita. An buɗe layin waya na kai ƙarar wanda ya karya doka a asirce, 'yan wasa kuwa suka sa masa suna layin 'yan tsegumi. Richaun Holmes na Sacramento ya tsallaka iyakar sansanin don karɓo abincin da ya yi oda, wannan 'yar tafiya ta jawo masa kwana goma a ɗaki. Ɓarakar da ta rage ita ce ma'aikatan otal, waɗanda ke komawa gidajensu kowane dare. Su kuma takunkumin fuska da nesanta da 'yan wasa aka tsare su da shi.

Aka dawo fage ranar 30 ga Yuli, kuma kamar an tsara, Gobert ne ya fara jefa ƙwallo a kwando, shi ne kuma ya jefa biyun ƙarshe da suka ba Jazz nasara a kan New Orleans. Babu ɗan kallo ko ɗaya. An jera manyan alluna a gefen fili, fuskokin magoya baya kimanin 300 suna leƙowa daga gidajensu ta intanet, ana kuma sakin shewar da aka naɗa ta lasifika. Duk da haka an ga wasa. A wasannin fitar da gwani, Denver ta farfaɗo sau biyu bayan ana cinta wasa uku da ɗaya. OG Anunoby, ɗan asalin Nijeriya, ya ci wa Toronto wasa a kan Boston saura rabin daƙiƙa, ko da yake a ƙarshe ƙungiyar, wadda Masai Ujiri da ya tashi a Zariya ke shugabanta a lokacin, ta kasa kare kofin da ta ɗauka a 2019.

Shingen ya tare cuta, amma labarin waje bai nemi izinin shiga ba. An kashe baƙar fata George Floyd a hannun 'yan sanda a watan Mayu, kuma 'yan wasa da dama sun zo Orlando da zuciya biyu, suna tsoron wasa ya ɗauke hankalin jama'a daga zanga-zanga. Ranar 23 ga Agusta 'yan sanda suka harbi wani baƙar fata, Jacob Blake, a Kenosha ta jihar Wisconsin. Kwana uku bayan haka Milwaukee Bucks, ƙungiyar Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ta ƙi fitowa karawa da Orlando Magic. Komai ya tsaya cik, har aka yi zaton gasar ta watse. Sai ranar 29 aka ci gaba, bayan masu ƙungiyoyi sun yi alƙawarin mayar da filayensu rumfunan zaɓe inda hakan zai yiwu. Kewar iyali ma ta ci mutane. Paul George na Clippers ya fito fili ya ce damuwa ta danne shi, kuma sai a ƙarshen Agusta aka bar iyalai suka fara shigowa.

Akwai abin da ya kamata ya tsaya wa mutum a rai. A watan Yulin da 'yan wasa ke samun sakamako cikin kwana guda, Florida ta taɓa samun sabbin masu cutar fiye da 15,000 a rana ɗaya, kuma talakan jihar yakan yi mako yana jiran nasa sakamakon. NBA ta kashe sama da dala miliyan 150 a kan 'yan ɗaruruwan mutane. A ganina wannan bai rage darajar abin da aka tabbatar ba, ya dai nuna farashinsa. Kuma jama'a ba su tashi a tutar babu ba: NBA da ƙungiyar 'yan wasa sun tallafa wa binciken Jami'ar Yale na gwajin yawu mai sauƙin kuɗi, wanda hukumomin Amurka suka amince da shi a tsakiyar Agusta.

Ranar 11 ga Oktoba Los Angeles Lakers ta doke Miami Heat ta su Bam Adebayo da ci huɗu da biyu a jerin wasannin ƙarshe. Kofinta na 17 ke nan, na huɗu ga tauraronta LeBron James, a shekarar da tsohon gwarzonta Kobe Bryant ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu. An buga wasa 172 ba tare da ɗan wasa ko ɗaya ya kamu a cikin sansanin ba. Mako goma bayan haka, ranar 22 ga Disamba, aka buɗe sabuwar kaka, kowa a garinsa, ban da Toronto da dokar kan iyaka ta mayar da ita Tampa. Ba a sake killace ƙungiyoyin wuri guda ba. Kafin a kai rabin kakar, an ɗage wasanni kusan 30 saboda korona.